Accar da Saratu Ta Tafi da Ita Gidan Waya

Wata Litinin cikin watan Agusta na kai 'yata Saratu kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya da buhun acca guda. Ranar aka buɗe sabon zangon karatu. Saura kaɗan ba ta je ba. Wannan cikin shekarun casa'in ne, bayan an sallame mu daga aikin reluwe.

Jiya abin ya dawo mini. Tun safe ake ruwa, irin na Agusta, ba ƙarfi ba ƙarewa. Ina zaune a baranda, jikata tana haɗa kayan komawa makaranta. Katan ɗin taliya, shinkafa, man gyaɗa a galan, akwati mai taya. Uwarta, wato Saratu, ta ɗora mata ƙullin acca a sama, wadda inji ya surfa tas. Yarinyar ta cire, ta ce ba ta so, wai wankinta wahala. Saratu ta dube ni. Na dube ta.

Na yi shekaru ina gyaran layin dogo a Kafanchan, ɗaukar katako da ƙarfe. Da aka rage ma'aikata na kwashe iyalina na koma ƙauyenmu, tsakanin Kwoi da Kafanchan, na karɓi gonar ubana. Ban yi makaranta ba. A wurin aiki da babban yatsa nake sa hannu. Yara biyu suka rayu mana ni da matata Laraba, Yohanna da Saratu. Yohanna ya kai aji huɗu a sakandare. Wata damina ciwon baya ya kwantar da ni, ya ce zai zauna zango ɗaya ya riƙe mini gona. Na yarda. Ɗaya ya zama biyu. Bai sake komawa ba. Daga baya ya tafi Kaduna yana bin motar yashi. Saboda haka na san abin da ake nufi da zango ɗaya.

Shekarar da ta gabaci wadda nake magana, ruwa ya ɗauke lokacin da dawa ke fitar da kai. Abin da muka samu bai kai rabin rumbu ba. Cittar da na shuka a bakin fadama ta ruɓe a ƙasa, in ka tona sai wari. Kafin ƙarshen Yuni Laraba tana shiga rumbu da tsintsiya. A Yuli ta mai da girki sau ɗaya a rana, da yamma. Da safe mu sha ruwan zafi da citta, mu tafi gona. Rogo, ganyen rama, gwaza in an samu. Akwai ranakun da za ta zuba garin masara kaɗan a tukunyar ganye don dai a ce an ga hatsi. In ka sunkuya kana noma ka miƙe, sai ka tsaya ka jira gonar ta daina juyawa. Ba gidana kaɗai ba. Amma waɗanda suka daɗe a ƙauye suna da tsohon hatsi a ƙasan rumbu. Ni ba ni da tsoho.

Cikin wannan Saratu ta zo hutu. Ta gama shekara ɗaya da rabi a kwaleji. A can kowa shi ke dafa abincinsa. Ɗalibi ya zo da risho, tukunya, da abin da zai ci har ƙarshen zango. Wanda bai zo da komai ba, sai ya riƙa zagaya ɗakunan mutane lokacin girki, kuma kowa ya san shi. Saratu ba za ta iya wannan ba. Ni ta ɗauko.

Abin da nake da shi a gona acca ce. Acca ke fitar da mu daga yunwa kowace shekara, don tana riga kowa nuna. Amma ba ta jira. In ta nuna, kwana kaɗan ne iska da ruwa su kakkaɓe ta. Ƙwayarta kamar yashi, in ta faɗi ba mai tsinta. Mutum ɗaya ba ya yanke gonar acca. Sai gayya.

Gayyar unguwarmu tana da layi. Wanda ya daɗe a ciki shi ne gaba, sabon shiga shi ne baya. Ni ne baya. Mutane suna watsa irinsu daidai da layinsu, don ta nuna lokacin da hannu zai zo. Ni ban tambayi kowa ba. Yunwa nake gani tafe, na watsa tawa da wuri. Ta nuna, ta yi ja, ta kwanta, layina bai zo ba. Ranata Talatar bayan buɗe makaranta ce. Talatar da ke gabanta ta Baba Dogo ce, shugaban gayya.

Akwai doka ta biyu, kuma ita ce babba. Mai gona shi ke ciyarwa. Tuwo, wake, kunu a babbar tukunya, a ci a ƙoshi. Wanda ya kira gayya aka tashi da yunwa, har jikokinsa sai an faɗa musu. Ni na dogara da masarar bayan gida, wadda za ta nuna a makon layina. Kafin nan ba ni da abin ba mutum ashirin. To ga yadda abin yake: ba zan iya yanka ba sai na ciyar, ba zan iya ciyarwa ba sai na yanka.

Mun gwada mu uku. Kwana biyu muna yanka a gefe, ruwa yana korar mu, muna komawa. Abin da muka tara bai isa kaza ta yi mako ba. Hannun Saratu ya tashi da bororo.

Ranar Lahadi da yamma, bayan sujada, muna zaune a ƙofar kicin. Saura kwana takwas a buɗe makaranta. Saratu tana tsinke rama.

Ta ce, "Baba, na yi tunani. Zan zauna wannan zangon."

"Za ki tafi."

"Zango ɗaya ne kawai. Zan rubuta musu takarda. Ana yi."

"Za ki tafi."

"Da me? In kwashe rogon Mama in bar ku da ruwan zafi?"

"Za ki tafi."

"Kai kullum magana ɗaya."

"Ita nake da ita."

Ta tashi ta shiga ɗaki da tiren ramar. Laraba ta jira har labule ya daina motsi.

Ta ce, "Baban Saratu, ka je wurin Baba Dogo."

"In ce masa me? Ku zo ku yanke mini, ku sha ruwan rafi?"

"Ka faɗa masa yadda yake."

"Ya san yadda yake. Idonsa ɗaya ne ya mutu."

"Bakinka ba zai tsage ba in ka roƙa."

Ban je ba. Washegari ta ce za ta gidan Dogo aron faifai. Muna da faifai biyu. Na gani, na bar ta ta tafi.

Talata da safe na wasa laujena na fita, don ranar Dogo ce kuma dole kowa ya je. Ana yayyafi. A mararraba, ƙarƙashin ɗorawa, na tarar da mutane a tsaye. Dogo yana zaune a kan saiwa da buhu a kansa. Dattijo ne a coci, dogo kamar sunansa, bakinsa ba ya barin kowa.

Ya ce, "Ɗan reluwe, ka makara. Jirgi ya tashi."

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Juya. Gonarka za mu."

"Ba ranata ba ce."

"Ni na jera layin. Na sake jerawa."

Na matsa kusa da shi don kada kowa ya ji. Na ce, "Baba, ba tukunya a gidana."

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wa ya tambaye ka tukunya? Tawa tana kan wuta tun asuba. Gona muka musanya, abinci yana nan yadda yake. Yau a ci nawa a gonarka. Talata mai zuwa a ci naka a gonata. Kuma ka faɗa wa matarka ba na son fate mai ruwa."

Wani daga baya ya ce, "Taka fa, Baba? Ai ta fi tasa nuna."

Dogo ya ce, "Tawa ta san ni, za ta jira. Makaranta ba ta san ni ba." Ya miƙa mini hannu. "Ɗaga ni. Ka tsaya kamar sandar sigina."

Na ɗaga shi. Muka juya.

Ba na manta wannan yinin. Maza a jere, a sunkuye, lauje yana cewa sas, sas cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wando ya manne a ƙafa. Ƙasa tana tsotse takalmi har sai da muka cire. Mata a bayanmu suna ɗaure dami suna sawa a kwando, suna ɗagawa a hankali don kada ƙwayar ta zube. Wani ya ɗauko waƙar coci, aka karɓa, aka bi ta da lauje. Saratu tana cikin masu ɗauri, tsumma a naɗe a hannunta.

Dogo ya ce mata, "Malama, a makarantarku ana koyar da ɗaurin dami? Wannan naki ko akuya ta yi atishawa zai kwance."

Ta ce, "Baba, sai zango mai zuwa za a koya mana."

"To ki je ki koyo. Kada ki zauna nan kina ɓata mana acca."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni, ta ci gaba da ɗauri.

Da rana ta yi tsaka, ko da yake ba mu gan ta ba, matan gidan Dogo suka iso da tukwane a ka. Tuwon dawa, miyar karkashi, wake da manja, kunu yana tururi. Na yi wata biyu ban ga tuwo ya tsaya da kansa haka ba. Aka zauna a kan kunya. Na ɗebi kaɗan. Matar Dogo ta zo ta ƙara mini ba ta tambaye ni ba. Na ci kaina a ƙasa. Abincin wani, a gonata, a ranar da ba tawa ba. Bai yi mini daɗin haɗiya ba, amma na cinye.

Kafin la'asar an gama. Muka tara damin a zaure, muka jibge, Laraba ta rufe da tsohuwar tabarma. Acca sai ta kwana biyu a haka, ta yi ɗumi, sannan take sakin ƙwaya. In ka sa hannu a ciki kamar jikin mai zazzaɓi. Gidan duk ya ɗauki ƙamshin ɗanyar ciyawa.

Alhamis da rana aka yi iska. Gabas ta yi baƙi, sai ga ta da ruwa a kwance. Ta cire kwano ɗaya a rufin kicin. Na tsaya a ƙofar zaure, accata a bayana a rufe, ina tunanin ta Dogo a waje. Laraba ta zo ta tsaya kusa da ni. Ita ma abin da take tunani ke nan.

Juma'a muka murje. Aka shimfiɗa tabarma, mu riƙe bango da hannu, mu tattake damin da ƙafa, mu juya, mu sake. Tafin ƙafa yana zafi, ƙaiƙayi yana hawa har gwiwa. Ƙwayar tana taruwa a ƙasa, ja-ja, da danshi. Da yawa. Ta fi yadda na zata. Amma acca mai danshi ba ta surfuwa. In ka sa ta a turmi sai ta dame. In ka ƙulle ta a buhu sai ta yi fumfuna kafin mako. Sai ta sha rana. Rana kuwa mun yi kwana tara ba mu ga fuskarta ba.

Asabar ma haka. Laraba ta ce kakarta tana soya sabuwar acca a kasko in damina ta hana shanya. Ta aro babban kaskon tuyar gari, muka hura wuta da jiƙaƙƙen itace. Hayaƙi ya cika kicin. Ita da Saratu suna juyawa da sakainar ƙwarya, idanu suna hawaye, ni ina faskare. Ba a zuba da yawa, kuma in ka ɗauke hannu ta ƙone. Har yamma abin da ya bushe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na buhu ba, kuma duk ya ɗauki ƙauri.

Saratu ta ce, "Wannan ba zai kai ni wata ɗaya ba."

Na ce, "Akwai gobe."

"Gobe Lahadi, Baba."

Lahadi da safe na fito, sai ga sama wanke tas. Rana ta fito kamar ta watan Maris, ƙasa tana tururi. Ranar da ba a aiki. A ƙauyenmu a lokacin ko turmi ba ya ƙara ran Lahadi, ko fartanya ba ka taɓawa. Na tsaya a tsakar gida ina kallonta. Laraba ta ɗaura kallabinta na zumuntar matan coci, ta ce, "Wannan karon kai za ka je wurin Fasto. Ni na yi nawa ranar aron faifai."

Na je. Fasto yana bayan coci yana goge takalminsa. Matashi ne, mutumin wajen Kagoro. Na gaishe shi, na faɗa masa zancen shanya accar a taƙaice. Wani dattijo da ke tsaye yana jiran a buga ƙararrawa ya ce in aka buɗe wannan ƙofar, mako mai zuwa wani zai zo da zancen huɗa.

Fasto ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce, "Baba Ishaku, kai za ka busar da ita?"

"A'a."

"Wa zai busar?"

"Rana."

"To wanda ya fito da ranar ya san yau Lahadi. Ka shimfiɗa a kan dutsen nan, ka bar masa aikinsa." Ya juya ga dattijon. "In wani ya zo da huɗar da za ta yi kanta, shi ma zan bar shi."

Bayan cocin akwai falalen dutse inda muke shanya citta da rani. Muka kawo accar a kwanduna muka baje. Aka buga ƙararrawa, kowa ya shiga. Ni na zauna a waje da sanda, don kaji ba su san Lahadi ba. Ina jin waƙa ta taga. Dutsen ya yi zafi har ya ratsa wandona. Lokaci lokaci in sa ƙafa in ja layi a cikinta. Da aka tashi sujada Dogo ya biyo ta wurin, ya ɗebi kaɗan ya sa a haƙori. Ta ce ƙas.

Ya ce, "Ɗan reluwe, yau kai ka fi mu jin wa'azi. Ga shi har ya bushe."

Na tambaye shi gonarsa. Ya ce tana nan inda ya bar ta. Ya wuce.

Muka kwashe kafin hadarin yamma. Saura surfe, kuma shi dole sai Litinin. Da zakara ya yi cara na ji ana buga ƙofa. Mata huɗu ne 'yan zumunta, biyu da turmi a ka. Ban kira su ba. Turmi uku a tsakar gida, taɓarya shida. A daka, a feƙe, a sake dakawa. Dusa tana tashi tana manne musu a gira. Suna yi suna tsokanar Saratu, wai in ta zama malama kada ta bugi 'ya'yansu. Kafin rana ta ɗaga, accar ta fito fara.

Laraba ta riƙe bakin buhu, ta ce a fara cika na Saratu. Aka haɗa soyayyar da shanyayyar. Da ya kusa cika Saratu ta sa ƙwarya za ta rage. Laraba ta buge mata hannu.

"Mama, ku fa? Ga gayyar gobe."

"Akwai saura a zaure. Ki kula da naki."

Na ɗinke bakin da kaina. Laraba ta ƙara mata daddawa, busasshiyar kuɓewa, manja a kwalba. Ta yi addu'a gajeriya a bakin ƙofa. Ta tura mini wani ƙulli a aljihu.

Na ɗauki buhun a ka, Saratu ta ɗauki akwatinta na kwano. Ruwa ya dawo, yayyafi. Na lulluɓe buhun da ledar taki. Rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika, ja wur, yana tafe da kara. Na shiga da buhun, ruwa har cinya, ina laluben dutse da yatsun ƙafa. Abu ɗaya na sani: ko zan faɗi, buhun ba zai taɓa ruwa ba. Na ajiye shi a kan tudu, na dawo na ɗauki akwatin, ta riƙe rigata muka haye.

A bakin titi muka yi fiye da awa. Motocin da suka wuce duk a cike. Sai ga a-kori-kurar Malam Sani. Ɗan kasuwa ne, iyayensa da kakanninsa duk a kasuwar Kafanchan, shi ke sayen cittarmu da rani. Na san shi tun ina reluwe. Ya tsaya.

"Ishaku, ina za a kai Malama a cikin ruwan nan?"

"Gidan Waya, Malam. Yau ake buɗewa."

"Ku hau. Buhun ya shigo gaba, kai ka zauna a baya, kai ba ka jiƙewa."

Da ya taya ni ɗagawa ya sunsuna. Ya ce, "Sabuwa ce, kuma an soya ta. Rabona da wannan ƙamshin tun tsohuwata tana da rai." A Kafanchan na buga masa rufin mota mu sauka mu nemi wata. Ya leƙo ya ce ba abin da zai kai shi Gidan Waya, amma motar ta riga ta yi zafi. Ya kai mu har bakin ƙofa. Na yi masa godiya. Ya ce in ajiye masa citta mai kyau.

Ban taɓa shiga kwalejin ba sai ranar. Jan taɓo ko'ina. Samari da 'yan mata kamar kasuwa, wannan da katifa a naɗe a ka, wancan da bokiti da risho a ciki. Babura suna sauke mutane suna juyawa. Ana kiran sunaye daga nesa, ana rungumar juna, ana Turancinsu mai sauri. Wata yarinya ta rugo ta riƙe Saratu.

"Ke, kin rame. Na ce ko ba za ki dawo ba. Sannu Baba, ina wuni."

Saratu ta ce, "Hannatu ce, Baba. Tare muke ɗaki."

Suka ce in jira. Akwai layin rajista, akwai layin gado. Na ja buhun ƙarƙashin baranda na zauna a kai. Wandona yana ɗiga, ƙafata duk taɓo. Wani mutum mai taye ya wuce ya ce, "Sannu Baba." Na ce yauwa. Ban da shi ba wanda ya kula ni, kuma hakan ya yi mini.

Daga inda nake ina hango wani allo a jikin bango, an manna takardu, ɗalibai sun taru suna turereniya. Hannatu ta ce sakamakon zangon da ya wuce ne. Na ga Saratu ta kutsa. Na ga yatsanta yana bin takarda daga sama zuwa ƙasa. Ya tsaya. Ta daɗe a wurin. Sannan ta tafi layi. Ya ɗauke ta har bayan azahar.

Ta dawo da takarda a hannu. Ta ce, "Na yi rajista. Na samu gado. Na kuma ci duka."

Na ce, "To."

Ta tsaya tana jira ko akwai ƙari. Na ce, "Nuna mini inda aka rubuta."

Ta kai ni gaban allon. Mutane sun ragu. Ta ɗora yatsa. "Wannan Saratu. Wannan na biyun Ishaku."

"Nawa?"

"Naka. Da shi ake kirana a aji."

Na duba. Na san harafin farko, tsaye kamar sanda, don yana kan katina na reluwe. Sauran ban san su ba. Na daɗe ina kallo, har wani yaro mai gilashi ya ce in ɗan matsa.

Maza ba sa shiga ɗakin kwanan mata. Na ajiye buhun a bakin ƙofa, su biyu suka ja shi ciki. Na ji Hannatu tana cewa, "Wannan accar taku ƙonewa ta yi ko me?" Na ji Saratu ta ce, "In ba ki so ki bari." Hannatu ta ce wa ya ce ba ta so, a ɗora tukunya.

Saratu ta fito ta sake riga, littafi a hannu. Ta ce suna da lakca da ƙarfe biyu, malamin ba ya jira ko ranar farko ce.

"Ka gaishe da Mama. Ka gaishe da Baba Dogo."

"Je ki."

Ta ɗora littafin a ka saboda yayyafi, ta bi bayan wasu, tana tsallake taɓo. Ta waiwayo sau ɗaya. Ta shiga wani dogon ɗaki mai tagogi. Na tsaya har na ga an rufe ƙofar.

Sai a lokacin na fita bakin ƙofar kwalejin na zauna a kan wani bulo. Na tuna da ƙullin Laraba. Gasasshiyar gwaza ce guda biyu da gishiri a takarda. Na cinye, har ɓawon. A motar komawa na yi barci tun kafin ta tashi, sai da kwandasta ya girgiza ni a Kafanchan. Na yi wata biyu ban yi irin wannan barcin ba.

Washegari Talata muka je gonar Dogo. Iskar Alhamis ta yi mata aiki. Gefen gabas duk ya kwanta, in ka ɗaga sai kara, ƙwayar tana ƙasa har ta fara tsirowa. Abin da ya rasa ya kai kashi ɗaya cikin uku. Kowa ya gani. Ba wanda ya yi waƙa da farko.

Na ce, "Baba, wannan asarar tawa ce."

Ya ce, "Taka tana Gidan Waya. Wannan ta tsuntsaye ce, su ma suna da zango. Yanka, ɗan reluwe."

Da rana Laraba ta iso da faten sabuwar acca da yakuwa, da dafaffiyar masarar bayan gida. Dogo ya soka ludayi a tsakiyar tukunyar ya saki. Ludayin ya tsaya. Dogo ya ce to, an biya. Ban iya yi masa godiya da baki ba, ban san yadda ake farawa ba. Kowace shekara bayan nan kwanon farko na accata gidansa yake zuwa, har ya rasu. Bayan ya rasu, wurin matarsa.

Saratu ta gama. Ta koyar a ƙauyuka uku, yanzu ita ce shugabar wata firamare. A hutun wannan zangon ta zaunar da ni da allo da alli, ta fara da sandar nan da na sani, ta ƙara mini sauran haruffan sunana. Na yi shekara uku ina fama. Laraba ta rasu shekaru shida da suka wuce. Yohanna ke noma gonar. Ya ce yanzu ba a cika gayya ba, sai ka ɗauki 'yan kwadago, kowa ya zo da abincinsa.

Jikata ta tafi yau da safe a kan babur, akwatin a gaban mai tuƙi. Ƙullin accar yana ciki, a ƙasan kayanta. Ni na sa. Za ta gani in ta kai.

Ni ina Kafanchan, a gidan Saratu, ɗakin da ke kusa da ƙofa. Daga tagata ana hango layin dogo, ciyawa ta rufe rabinsa. Ina cin abinci sau uku. Ruwan bai tsaya ba.